Na'urar haƙar Bitcoin ta gida

Na'urar haƙar Bitcoin ta gida kwamfuta ce mai aiki guda ɗaya, wadda mutum ke harhaɗawa ya kunna a ɗakinsa ko shagonsa don ta shiga gasar lissafin da ake tabbatar da hada-hadar kuɗin intanet na Bitcoin da ita. Zuciyarta wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki ne da ake kira ASIC, waɗanda aka ƙera su don lissafi iri ɗaya tak, wato SHA-256. Ba a kallon bidiyo da su, ba a rubutu da su. A unguwannin Zango na Akra da Kumasi, irin su Nima, Mamobi, Madina, Aboabo da Asawase, kamar ko'ina a Gana, kuɗin wuta da zafin gari ne ke yanke hukunci kan wannan sana'a, fiye da ƙwarewar hannu.

Yadda haƙar take

Kalmar haƙa aro ce daga aikin zinariya. Abin da na'urar ke yi shi ne canki-canka: tana gwada lambobi tiriliyoyi a kowace daƙiƙa har ta dace da wadda za ta rufe bulo guda na bayanan ciniki. Ana rufe bulo ɗaya kusan kowane minti 10, wanda ya rufe shi ke karɓar lada. Lokacin da Satoshi Nakamoto ya fara tsarin a ranar 3 ga Janairun 2009, ladan Bitcoin 50 ne. Ana raba shi biyu bayan kowane bulo 210,000: ya koma 25 a 2012, 12.5 a 2016, 6.25 a 2020, sai 3.125 tun Afrilun 2024. Bayan kowane bulo 2,016, kimanin mako biyu ke nan, tsarin na sake auna wahalar lissafin. Idan mahaƙa sun ƙaru, wahalar ta ƙaru. Saboda haka na'urar da ke kawo riba bana tana iya zama mai cin wuta a banza baɗi, alhali ko noti ɗaya bai kwance a jikinta ba.

Da farko kwamfutar gida ta isa. Daga 2010 aka koma katin hoto na masu wasan kwamfuta, sai a farkon 2013 na'urar Avalon ta fito da ƙwayoyin ASIC, kamfanin Bitmain na ƙasar Sin ya biyo baya da Antminer a shekarar. Tun daga nan katin hoto ya fita daga haƙar Bitcoin. Ya ci gaba da amfani a haƙar Ethereum, wani kuɗin intanet daban, har ranar 15 ga Satumban 2022, da ita ma ta daina amfani da haƙa.

Sassanta da harhaɗawa

Ba wanda ke ƙera ƙwayar ASIC a gida. Sai manyan masana'antu irin TSMC ta Taiwan. Abin da ake nufi da "haɗa na'ura" shi ne tattara sassan da aka riga aka ƙera. Akwai allon haƙa, wanda ƙwayoyin ke jere a kansa. Antminer S9 ta 2016, alal misali, tana da alluna uku, kowanne da ƙwaya 63, jimla 189. Akwai allon sarrafawa mai karɓo aiki daga intanet ya rarraba wa ƙwayoyin, da akwatin da ke mayar da wutar gida zuwa ƙaramar wutar da alluna ke sha, sai fankoki da ƙarafan da ke tsotse zafi. Intanet mai ƙarfi ba dole ba ne, bayanan da ake aikawa kaɗan ne. Abin buƙata shi ne kada ta riƙa yankewa.

Bayan an haɗa, ana shiga shafin na'urar daga waya ko kwamfuta a saka adireshin gamayyar mahaƙa da na lalitar da za a riƙa turo kuɗi. Gamayya taron dangi ce: dubban na'urori su haɗa ƙarfi, in an samu lada a raba gwargwadon aikin kowa. Wadda ta fi daɗewa ita ce Slush Pool ta 2010, da yanzu ake kira Braiins Pool.

Sabon shiga yakan faɗa tarkon tsoffin na'urori masu araha. Ana sayar da S9 da kuɗi kaɗan ne domin manyan gonakin haƙa sun yar da ita: tana ba da kimanin terahash 13.5 a daƙiƙa (terahash ɗaya gwaji tiriliyan ɗaya ne) da wat 1,350, yayin da S21 ke ba da 200 da wat 3,500. Wato tsohuwar na cin wuta fiye da ninki biyar kafin ta yi aikin da sabuwar za ta yi. Ga kuɗin jigila da na kwastan a tashar Tema ko filin jirgin Akra, kuma in allo ya ƙone, a kasuwannin kayan lantarki na Akra, Zongo Lane ko Tip Toe Lane, za a iya samun fanka da waya da dalma, amma ƙwayar kanta sai an yi odarta daga waje.

Wuta, zafi da ƙara

Nan ne maganar take. S19 Pro, wadda ta fito a 2020, tana jan wat 3,250 dare da rana. Yunit 78 ke nan a yini, 2,340 a wata. Wutar gida a Gana volt 230 ce, don haka na'urar na jan kusan amfiya 14, alhali fulogi mai ƙafa uku da aka saba da shi fis ɗinsa amfiya 13 ne. Dole a ja mata layinta daban daga akwatin wuta, da waya mai kauri, kuma ma'aikacin wuta mai lasisi ya yi aikin. Wanda ya soka ta a soket ɗin da ake cajin waya yana wasa da gobara ne, kuma a gidan haya na Zango, inda ɗaki ke manne da ɗaki, gobara ba ta tsayawa a ɗakin wanda ya jawo ta.

Kamfanin ECG ne ke raba wuta a Akra da Kumasi, hukumar PURC ke tsayar da farashi, kuma an tsara kuɗin gidaje hawa-hawa: wanda ya sha da yawa, yunit ɗinsa ya fi tsada. Mai haƙa yana tsallakawa hawan sama cikin 'yan kwanakin farkon wata. In mitar ta haɗin gwiwa ce da sauran 'yan haya, rigima ta samu tun kafin a ga ko sidi ɗaya. Ga kuma dumsor, ɗauke wutar da ya addabi ƙasar musamman a 2015 kuma bai tafi gaba ɗaya ba. Duk sa'ar da wuta ta ɗauke asara ce, haƙa da janareta kuwa ƙona mai ne kawai.

Kusan duk wutar da na'urar ta sha zafi take komawa, tamkar an kunna dutsen guga uku an bar su. A watannin Fabrairu da Maris ɗakin kwano ba ya zaunuwa. Lokacin hunturu ƙura ke toshe ƙarafan sanyaya, a Akra kuma danshin teku na kawo tsatsa. Ƙarar fankokinta ta kai kimanin desibel 75, kuma ba ta yin shiru ko da tsakar dare.

Ƙananan na'urori masu ƙwaya ɗaya

Ga mai son koyo, akwai Bitaxe, wadda zanenta a buɗe yake ga kowa. Ƙwaya ɗaya ce ta Bitmain a kan allo kamar tafin hannu, da ƙaramar fanka, tana kama WiFi, tana shan wat 15 zuwa 20, wato ƙasa da yunit 15 a wata. Batirin sola na gida ya ishe ta. Wanda ya iya aikin dalma mai laushi, irin na masu gyaran waya, yana iya yin odar allon da sassan ya haɗa da kansa.

Sai dai ba hanyar samun abinci ba ce. A tsakiyar 2024 ƙarfin mahaƙan duniya ya kai kimanin exahash 600, wato terahash miliyan 600. Na'ura mai terahash ɗaya da ke haƙa ita kaɗai, a lissafi sai ta jira fiye da shekara 10,000 kafin ta rufe bulo guda. Duk da haka a Yulin 2024 wata Bitaxe ta dace ta rufe bulo, labarin ya zaga duniya, kuma shi masu talla ke kawowa ba tare da ambaton dubban da ba su samu komai ba.

Matsayin doka

A Janairun 2018 Babban Bankin Gana ya yi sanarwar cewa harkar kuɗin kirifto, irin su Bitcoin, ba ta da lasisi a ƙasar a lokacin, ya ja kunnen jama'a. Sidi ne kuɗin da doka ta amince a yi ciniki da shi. Satar wuta ta hanyar tsallake mita, wadda wasu ke ganin ita ce dabarar rage asara, laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu a kansa.