Ɓoyayyen nama a cikin abincin kanti

Ɓoyayyen nama shi ne nama, ko kitse, ko romo, ko wani sinadarin da aka ciro daga jikin dabba, da ake samu a cikin abincin gwangwani ko na kwali ko na leda alhali rubutun da ke jikin kayan bai faɗa ba, ko ma ya rantse cewa babu. Waɗanda suka fi yin ƙorafi a kai a ƙasashen waje su ne mutanen da ba sa cin nama kwata-kwata, wasu don addini kamar mabiya Hindu da Jain na Indiya, wasu don tausayin dabba, wasu kuma likita ne ya hana su. A nan Katsina in ka ce ba ka cin nama sai a tambaye ka ko lafiya, ko dai aljihu ne ya yi sanyi, to amma abin ya shafe mu ta wata ƙofar, domin rubutun da ya yaudari wanda ba ya cin nama shi ne dai zai yaudari Musulmin da ke gudun alade da mushe.

Yadda yake shiga

Ba kasafai mutum zai buɗe kwali ya ga tsoka ɓaro-ɓaro ba, duk da yana faruwa in ma'aikata sun yi kuskure sun liƙa takardar wani kaya a jikin wani, tunda galibi inji ɗaya ne ke cika mai nama da marar nama, da safe wannan da yamma wancan, in ba a wanke injin da kyau ba kuwa ragowar na farko sai ya bi na biyu. Akwai kuma ha'inci zalla, wato dillali ya sa nama mai araha a madadin mai tsada.

Wanda ya fi yawa shi ne wanda ke ɓuya a bayan suna. Jelatin, abin nan da ke sa alewar yara ta yi danƙo kamar roba, daga fata da ƙashin alade ko saniya ake dafa shi, wani lokaci na kifi, kuma yana cikin wasu yogot da ɓawon maganin kafso. Wasu sinadaran kuma da lamba ake rubuta su a jikin kaya maimakon suna. E120 jan launi ne da ake samu daga wani ɗan ƙwaro da ke rayuwa a jikin wata shuka mai ƙaya a Kudancin Amurka. E471 da ke cikin biskit da burodi zai iya zama na man ja ko waken suya, zai iya zama na kitsen dabba, kuma lambar ita kaɗai ba za ta gaya maka wanne ba ne. Cuku na Turawa sau da yawa da wani ruwa na tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da shi, saɓanin namu na Fulani da ake yi da tumfafiya.

Sai dai fa saƙon nan da ke yawo a WhatsApp wai duk lambar da ta fara da E alade ce, ba gaskiya ba ne. E ɗin na nufin Turai ne kawai, E300 bitamin C ne, E330 kuma tsamin da ke cikin lemon tsami.

Manyan badaƙaloli

A 1990 kamfanin McDonald's mai gidajen sayar da abinci ya sanar a Amurka cewa ya koma soya dankalinsa da man da ba na dabba ba, mutane suka saki jiki, ashe ana sa masa ɗanɗanon da aka ciro daga naman saniya tun a masana'anta. Mabiya Hindu da masu ƙin nama suka kai ƙara, a 2002 kamfanin ya ba da haƙuri ya amince zai biya dala miliyan 10. A farkon 2001 kuma aka kwashe farin magin Ajinomoto daga kasuwannin Indonesiya bayan majalisar malaman ƙasar ta gano an yi amfani da wani sinadari mai alaƙa da alade a wani mataki na haɗa shi.

Wadda ta fi tayar da ƙura ita ce ta Janairun 2013. Hukumar kula da abinci ta Ayalan ta gwada samfuri 27 na niƙaƙƙen naman da aka rubuta na saniya ne, ta sami alamar doki a 10, ta alade a 23, wani na kantin Tesco ma kashi 29 cikin ɗari na namansa doki ne. Da aka bi sawun wani naman dokin da aka gano daga baya a Ingila sai aka ga ya bi hannun dillalai daga Romaniya zuwa Faransa kafin ya iso can, kowa na cewa shi ma haka aka kawo masa. Mutumin Daura da ya saba ganin doki cikin kwalliya ranar hawan sallah sai dai ya riƙe baki. A shekarar ne kuma aka sami alamar alade a wani abincin da aka yi wa tambarin halal ana kai wa fursunoni Musulmi a Ingila.

Da gwajin DNA, wato na ƙwayoyin halitta, ake kama irin wannan, amma jelatin na ba masu gwaji wahala saboda dahuwar da ya sha takan lalata shaidar.

Doka da alamomi

Indiya ta sauƙaƙa wa wanda bai iya karatu ba: koren ɗigo a cikin murabba'i na nufin ba nama, alama mai ruwan ƙasa kuma na nufin akwai. A Najeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar abincin da aka killace, kuma dokarta ta ce a jera abubuwan da aka haɗa. Lambar NAFDAC ɗin dai shaidar rajista ce, ba shaidar halal ba ce, mutane da yawa na haɗa su.

A kasuwannin Katsina da Daura

Kaya da yawa ta Jibiya da Kongolam suke shigowa daga Nijar, rubutunsu kuma Faransanci ne. Porc alade ne, saindoux man alade ne, gélatine shi ne jelatin, bœuf saniya. Amma babbar matsalar ita ce kwalin ma ba ya isowa hannun mai saye. Mai tireda zai sari katon ɗin alewa a babbar kasuwa, ya juye a roba mai murfi, kwalin ya zama abin zama ko a hura wuta da shi, yaro ya zo da naira hamsin a ƙirga masa a tafin hannu. In uwar ta leƙo ta ce, Malam wannan mai danƙon da me ake yin ta, zai ce wallahi Hajiya sikari ne da kala, kuma shi a iya saninsa gaskiya ya faɗa, don wanda ya sayar masa a kan iyaka bai karanta ba shi ma.