Buga zane da hannu a kan ƙyallen takunkumin fuska: tambayoyi da amsoshi

Tun a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa teloli da matan gida suka duƙufa ɗinka takunkumin fuska, wasu suka fara ƙawata nasu da zanen da suke bugawa da hannu. Annobar ta lafa, amma ƙurar hunturu ba ta bari an ajiye takunkumin ba.

Me ake nufi da buga zane da hannu?

Ana sassaƙa wata siffa a jikin abu mai ɗan tauri, a shafa mata launi, sannan a danna ta a kan yadi kamar yadda ake buga hatimi a takarda. Wannan ya bambanta da rini irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, inda ake tsoma ƙyallen gaba ɗaya cikin baba. Sana'ar tsohuwa ce, domin masu yadin adinkra a Ghana da sakaina suke sassaƙa hatiminsu, mutanen Bagru a Indiya kuma da katako. A gida dankalin turawa ya wadatar, kuma wanda ya yanka ɗanyar kuɓewa a tsakiya zai tarar da fure a shirye, ba sai ya taɓa reza ba. Mai son rubutu sai ya sassaƙa haruffan a juye, in ba haka ba za su fito a birkice.

Wane yadi ya fi dacewa?

Yadin auduga mai matsattsiyar saƙa ya fi shan launi. Wajibi ne a wanke shi a goge kafin a fara, saboda sitacin da ke jikin sabon yadi yana hana launi kamawa, kuma auduga takan tsuke a wankin farko.

Shin kowane fenti zai yi?

A'a. Abin da zai wuni a kan hanci da baki ba a sa masa fentin bango ko na mai ko na feshi, komai arharsu. Launin da aka yi musamman domin yadi, wanda ake tsinka shi da ruwa, shi ne ya dace, kuma da soso ake ɗan ɗiɗɗiga shi a kan hatimin, ba a tsoma hatimin a ciki ba.

Zanen ba zai hana numfashi ba?

Nan ne masu farawa suka fi yin kuskure. Launin yadi yakan toshe ƙananan ƙofofin saƙa a duk inda ya zauna, saboda haka idan aka cika ƙyallen da babban zane mai kauri, iska za ta rasa hanya ta gaba, sai ta riƙa kutsawa ta gefen kumatu da saman hanci ba tare da an tace ta ba, wanda hakan ya rushe amfanin takunkumin tun daga tushe. A watan Yuni na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar takunkumin ƙyalle mai ninki 3: na ciki mai tsotse gumi kamar auduga, na tsakiya mai tacewa, da na waje wanda ba ya shan ruwa, irin su foliyesta ko gaurayenta da auduga. Na wajen kaɗai ake bugawa, kuma kafin a haɗa ɗinkin; tunda auduga ta fi shan launi, gaurayen mai auduga ne ya fi dacewa da zane. A ganina ƙananan siffofi warwatse, da fili a tsakaninsu, sun fi kyau ma a ido, tunda ninkin da tela zai yi yakan haɗiye rabin babban zane. Dagin Arewa yana da ban sha'awa, sai dai a gefe ya kamata a ajiye shi, ba daidai baki ba.

Yaya za a yi zanen ya jure wanki?

A bar shi ya bushe na kwana 1, sannan a shimfiɗa wani ƙyalle a kai a goge da dutsen guga mai zafi na minti 3 zuwa 5, ba tare da yayyafa ruwa ba, domin zafin ne ke ɗaure launin da zare. Bayan haka a wanke da sabulu kafin a sa shi karon farko. Idan ruwan wankin ya ci gaba da sauya launi, ko kuma ƙyallen yana warin fenti, wannan yanki ya fi dacewa da jaka ko marfin matashi.