Tsara Hoton Tafkin Tsauni

Tsara hoton tafkin tsauni reshe ne na ɗaukar hoton shimfiɗar ƙasa, wanda ya shafi yadda mai kyamara yake jera ruwa da dutse da sararin sama a cikin hoto guda. Abin da ya bambanta shi da sauran hotunan daji shi ne halin ruwan kansa, domin idan ya kwanta luf yakan zama madubi ya maimaita tsaunin a kife, idan kuma iska ta kaɗa shi sai siffar ta wargaje.

Tarihi

Wasu daga cikin al'adun da ake bi a yau sun samo asali ne daga wahalhalun kayan aikin ƙarni na 19. A shekarar 1851 wani Bature ɗan Ingila, Frederick Scott Archer, ya bayyana hanyar ɗaukar hoto a kan farantin gilashi mai jiƙaƙƙen sinadari, wanda dole a shafa shi, a ɗauki hoton, a kuma wanke shi kafin ya bushe, wato cikin kimanin minti goma zuwa goma sha biyar. Saboda haka duk wanda ya nufi tsauni sai ya tafi da tantin duhu da kwalaben sinadarai da akwatunan gilashi a bayan alfadarai.

A haka Carleton Watkins ya shiga kwarin Yosemite na jihar Kalifoniya a Amurka a 1861, ɗauke da ƙatuwar kyamara mai farantin inci 18 da 22. Tun da farantin yana bukatar daƙiƙu masu yawa kafin ya sha haske, ƙaramin motsi a kan ruwa ya isa ya dusashe hoton, shi ya sa masu wannan sana'a suka saba da sammako, su kafa kyamara kafin iskar hantsi ta taso. Dabi'ar da larura ta haifar ita ce daga baya ta koma abin ado. Ana lasafta hotunan Watkins cikin abubuwan da suka taimaka har Shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar kare Yosemite a 1864, kamar yadda ake danganta hotunan William Henry Jackson na 1871 da kafa gandun Yellowstone a 1872.

A ƙarni na 20 Ansel Adams, mai ɗaukar hoto ɗan Amurka wanda ya rayu daga 1902 zuwa 1984, ya kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar f/64 a 1932, masu ra'ayin a matse kafar haske ta kyamara domin komai ya fito tar, daga tsakuwar gaɓa har ƙololuwar dutse. Wajen 1939 ko 1940 shi da wani mai ɗaukar hoto, Fred Archer (ba Frederick Scott Archer ba), suka tsara hanyar auna haske mataki-mataki tsakanin baƙi wuluk da fari fat.

Ƙa'idojin tsari

Babbar shawara ita ce inda za a ajiye layin gaɓar da ke can ƙetare. Ƙa'idar kashi uku, wadda John Thomas Smith ya ambata a rubuce a 1797 game da zane, tana so a kasa hoto gida uku a maimakon a raba shi gida biyu daidai, amma tafki mai madubi yana cikin wuraren da ake yawan saɓa mata, a sa layin a tsakiya domin tsaunin da inuwarsa su yi kunnen doki. Masana sun yi saɓani kan ko ƙa'ida ce ta gaske ko al'ada kawai.

Ana so a samu wani abu a kusa, kamar dutsen da ya leƙo daga ruwa ko kwale-kwalen masunci, wanda zai nuna girman wurin. Sauke kyamara kusa da ruwa yana ƙara ƙarfin inuwar, ɗaga ta kuma yana nuna abin da ke ƙarƙashin ruwan. Matatar haske mai kashe ƙyalli ta fi aiki idan kyamara na kallon ruwan a karkace, kimanin digiri 53 daga tsaye, sai dai wanda ya murɗa ta har ƙarshe yakan shafe inuwar tsaunin da ya yi sammako dominta.

Launin ruwa

Shuɗi mai ratsin kore na tafkunan Louise da Moraine a Kanada yana zuwa ne daga garin dutse da tarin ƙanƙarar kan tsaunuka ke niƙawa yayin gangarowa. Tafkin Nyos na Kamaru, wanda ke ramin tsohon dutse mai aman wuta, ya rikiɗe ya yi ja-ja bayan fashewar iskar gas ta 21 ga Agusta 1986, wadda ta kashe mutane fiye da 1,700.

A Kaduna da kewaye

Jihar Kaduna ba ta da tafkin da ƙanƙara ta haƙa, don haka masu koyon wannan fanni za su iya gwada hannunsu a madatsun ruwa irin ta Kangimi, da kududdufan da damina ke bari a gindin duwatsu, wasu kuma su haura Filato inda ramukan haƙar kuza suka cika da ruwa. Tsaunukan Kagoro da dutsen Kufena na Zariya sun fi fitowa sarai a ƙarshen damina, lokacin da ruwan sama ya wanke iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan lulluɓe duwatsun nesa, su koma shafi-shafi masu launin toka, ƙura kuma ta riƙa kwanciya a idon kyamara har sai an yi ta gogewa. Da yake yankin yana kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, jan hasken safiya da na la'asar sakaliya ba ya daɗewa kamar a Turai, kuma garken shanu guda da ya sauko shan ruwa ya isa ya fasa madubin kafin a gama daidaita ƙafafun kyamara.

Gyara da kwamfuta

Haɗa hotuna biyu ko uku domin daidaita hasken sama da na ruwa ya zama ruwan dare, amma gasannin hoto da dama ba sa karɓar hoton da aka musanya masa sararin sama.