Dokar Kalantiyau ta garin Batan ƙirƙira ce

A Batan, garin bakin teku a lardin Aklan na tsibirin Panay a Filifin, an daɗe ana cewa wani sarki, Datu Kalantiyau, ya kafa dokoki 18 a 1433. Har hukunci aka zayyana a ciki, a nutsar da mai laifi a ruwa, wani kuma a jefa wa kada. Littattafan makaranta sun ɗauka, gwamnati ta gina wurin tunawa da shi a garin.

Tushen labarin guda ne tak: takardun da wani mutum mai suna José Marco ya miƙa wa laburaren ƙasar a 1914, yana cewa wani limamin coci, José María Pavón, ya rubuta su wajen 1838. Babu rubutun farko na Sifaniyawa, waɗanda suka yi wa ƙasar mulkin mallaka, da ya ambaci wannan sarki, kuma labarin wani tsibiri daban, Negros, takardun suke bayarwa, daga baya aka jawo shi Aklan. Masanin tarihi William Henry Scott ya tona asirin a 1968. Abin takaici, sai 2004 hukumar tarihin ƙasar ta bayyana a hukumance cewa jabu ne.