Asusun Banki Ga Ƙaramin Kasuwanci Sabon Farawa: Tambayoyin Da Ake Ta Maimaita Mini

An yi mini waɗannan tambayoyi har na haddace su, saboda haka na tattara amsoshin wuri ɗaya domin duk mai niyyar sake tambaya ya fara karantawa.

Dole ne in raba kuɗin kasuwanci da na aljihuna, alhali cinikin bai taka kara ya karya ba?

Dole ne. Ƙaramin jari ya fi saurin narkewa a cikin hidimar gida, kuma mai shi ba ya ankara sai ranar da ya tashi saro kaya ya tarar uwar kuɗi ta zaizaye.

Wane banki ne ya fi kyau?

Ba na amsa wannan tambaya, domin ban san yadda kuɗi ke shigo maka ba. Wanda ke karɓar tsabar kuɗi kullum yana buƙatar reshe ko wakili a kusa da shi, wanda kuma duk cinikinsa ta waya ake turo masa ya fi buƙatar manhajar da ba ta yawan tsayawa.

Asusun ajiya zan buɗe ko na hada-hadar yau da kullum?

Na yau da kullum. An tsara asusun ajiya ne domin kuɗi su zauna, shi ya sa bankuna da yawa ke ƙayyade yawan cirewa daga cikinsa.

Ban yi wa kasuwancin rajista ba tukuna. In ci gaba da asusu mai sunana, ko in nemi na kasuwanci?

A nan ne ba zan yanke hukunci kai tsaye ba, domin amsar ta danganta da dokar ƙasar da kake da kuma sharuɗɗan bankin. Idan kai kaɗai ne mai kasuwancin kuma ba ka kafa kamfani ba, a mafi yawan ƙasashe doka tana ɗaukar ka da kasuwancin a matsayin abu ɗaya: ribarsa taka ce, bashinsa ma naka ne. A wannan hali, buɗe asusu na biyu da sunanka, wanda ba ya karɓar komai sai kuɗin ciniki, yana iya wadatar da kai a watannin farko. Sai dai akwai tarko. Wasu bankuna sun rubuta a cikin yarjejeniyar da ka sa wa hannu, wadda na tabbata ba ka karanta ba, cewa ba a yin kasuwanci da asusun mutum. Idan suka ga ƙananan kuɗi suna ta shigowa daga mutane barkatai, suna iya tsayar da asusun har sai ka yi bayani, domin doka ta ɗora musu sa ido kan safarar kuɗin haram. Asusun da aka tsayar a ranar da za ka biya mai kawo maka kaya ba ƙaramar matsala ba ce.

Idan kuwa ka yi rajistar kamfani, zance ya ƙare, domin kamfani mutum ne mai zaman kansa a idon doka, kuɗinsa ba naka ba ne, kuma dole ya sami asusu da sunansa. Haka nan idan kuna da yawa, ko da ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, kada kuɗin haɗin gwiwa su zauna a asusun mutum ɗaya. Ku buɗe wanda ba a cire kuɗi mai yawa daga cikinsa sai da amincewar mutum biyu.

Tsakanin waɗannan biyun, ni dai na fi karkata ga yin rajista da wuri idan kuɗinta bai fi ƙarfinka ba. Manyan masu saye ba sa son tura kuɗi zuwa sunan mutum, kuma ranar da za ka nemi rance, takardar bayanin asusu ta watanni da dama ita za a fara tambaya. Amma asusun kasuwanci yakan zo da caji mafi tsada da kuma tarin takardu, saboda haka wanda har yanzu yake gwada ko sana'ar za ta karɓe shi bai yi laifi ba idan ya ɗan jinkirta, matuƙar ya tambayi bankin a rubuce ko sun yarda.

An ce mini asusun kyauta ne. Ba shi ke nan ba?

Wa ya ce maka? Ka nemi jadawalin caji ka zauna da alƙalami. Ka duba abin da ake cira a kowane wata, da na tura kuɗi, da na zuba tsabar kuɗi, da na saƙon sanarwa, da mafi ƙarancin abin da dole ka bari a ciki. Sannan ka auna su da cinikinka na gaske. Idan na'urar POS tana cire kashi 1 cikin 100 na kowane ciniki, kai kuma ribarka kashi 10 ce, to ɗaya bisa goma na ribarka ya tafi. Ka kuma tambayi yaushe kuɗin da aka biya da kati ke sauka, domin wani wurin nan take ne, wani sai washegari.

Bankunan waya marasa reshe abin amincewa ne?

Kada ka tayar da hankalinka, da yawansu suna aiki lafiya. Ka tabbatar da abu biyu: suna da lasisi daga hukumar da ke kula da bankuna a ƙasarka, kuma kuɗinka na ƙarƙashin inshorar ajiya, wato wadda ke biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe. Amurka ta kafa tata hukumar inshorar a 1933 bayan dubban bankuna sun durƙushe, yau kuma ƙasashe da yawa suna da irinta, kowace da iyakar abin da take biya. Ka kuma duba iyakar abin da za ka iya turawa a rana.

Zan iya ba wa mai taimaka mini lambar sirri?

A'a. Ka nemi bankin ya ba shi damar ganin shigowar kuɗi kawai, ba damar cirewa ba.

Asusu nawa nake buƙata?

Ɗaya na kasuwanci ya isa a farko. Idan ciniki ya kankama, ka ƙara na ajiya inda za ka riƙa ware kuɗin haraji da na hayar wuri a duk mako, kuma kada ka karɓi katin cire kuɗi a kansa.