Yarinyar da ta yi kama da tauraruwa: tambayoyi da amsoshi kan wani salon labaran matasa

A cikin littattafai da finafinan da ake yi wa matasa 'yan shekara 12 zuwa 18 a Amurka da Turai, akwai wani salon labari da ya ƙi tsufa. Marubuta suna ta sauya masa riga, masu karatu kuma ba sa gajiya da shi. Ga wasu tambayoyi a kansa.

Wane irin labari ne wannan?

Yawanci da yarinya ake farawa, 'yar shekara 15 ko 16, a wani ƙaramin gari da babu wanda ya damu da shi. Tun tana ƙarama ake ce mata ta yi kama da wata shahararriyar mawaƙiya, har maganar ta ishe ta. Wata rana wani ya ɗauki bidiyonta tana sayen abu a kanti ya ɗora a intanet, kafin gari ya waye wayarta ta cika da saƙonnin mutanen da ba ta sani ba. Sai manajan mawaƙiyar ya neme ta da tayin aiki: ta sa baƙin tabarau da hular gashi, ta fito ta ƙofar gaban otel ta ɗauke hankalin masu kyamara, ita kuma tauraruwar ta sulale ta ƙofar baya.

Har nan labarin nishaɗi ne. Inda yake juyawa shi ne ranar da ta ci karo da wani tsohon hoto a gidan tauraruwar, ko ta lura ranar haihuwarsu ɗaya, ko ta kira gida ta yi wata tambaya uwarta ta yi shiru. Daga nan maganar shahara ta koma baya, abin da ya rage shi ne: 'yar wa ce ni, kuma me ya sa aka ɓoye mini?

Sabon abu ne da zamanin TikTok ya kawo?

Ko kusa. A 1881 Mark Twain ya fitar da The Prince and the Pauper, labarin ɗan matalauta a Landan da ya yi musayar tufafi da Yarima Edward, ɗan Sarki Henry na takwas, saboda kamar da ke tsakaninsu. A wancan zamani ɗan sarki shi ne tauraro. A 1949 marubucin Jamus Erich Kästner ya ƙara sinadarin da ya fi tasiri: 'yan mata biyu suka haɗu a sansanin hutun yara, suka gano tagwaye ne, iyayensu sun rabu kowa ya ɗauki ɗaya bai gaya mata ba. Wannan littafi ne kamfanin Disney ya mayar fim mai suna The Parent Trap a 1961, ya sake yin sa a 1998.

Mai kallon fim ɗin Indiya a Kano ko Maraɗi ba baƙo ba ne a nan. Ram Aur Shyam na 1967 da Seeta Aur Geeta na 1972 duk a kan tagwayen da aka raba suka ginu, ɗaya salihi ana cin zalinsa a gidan dukiya, ɗaya tsagera ya tashi a hannun talakawa. Abin da marubutan yau suka yi shi ne suka cire rawani da gidan gado, suka sa makirufo da mabiya miliyan goma.

Me ya sa matasa musamman suke son sa?

Domin a shekarun nan ne mutum yake fara tsayawa gaban madubi yana tantance kansa: hancin na baba ne, goshin na kaka ne, to wanne ne nawa? Masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson, wanda ya fitar da littafi a 1968 kan ruɗanin da matashi kan shiga wajen sanin ko shi wane ne, ya ce wannan shi ne babban aikin da ke gaban mai tasowa. Abin da ba kowa ya sani ba, shi kansa Erikson bai taɓa sanin mahaifinsa ba. Mijin uwarsa, wani likitan yara mai suna Homburger, shi ya rene shi a Jamus, aka daɗe ana ɓoye masa gaskiya. Ya tashi dogo mai gashi ruwan zinare da shuɗin ido a gidan Yahudawa, bai yi kama da kowa ba. Da ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1939 sai ya raɗa wa kansa suna Erikson, wato ɗan Erik.

Labarin mai kama da tauraro yana ba matashi dama biyu a lokaci guda. Zai ɗanɗana rayuwar da yake mafarki, mota da kaya da ihun masoya, ba tare da ya yi wahalar koyon waƙa ba. Sannan zai yi wani tunani da yara da yawa kan yi a ɓoye idan an ɓata musu rai a gida: anya ni ɗan gidan nan ne? A cikin littafi ana iya bin wannan tunani har ƙarshensa, a rufe shafi, a fito a ci tuwo da 'yan gida.

Shin kama tana tabbatar da dangantakar jini?

A littafi kusan kullum eh, domin marubuci ba zai ɓata shafi ɗari biyu a kan haɗuwar fuska kawai ba. A zahiri kuwa Bahaushe ya riga ya yanke hukunci: kama da wane ba wane ba ne.

Kimiyya ta leƙa maganar. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Kanada, François Brunelle, ya shafe shekaru tun 1999 yana tara hotunan mutanen da suka yi kama alhali ba su haɗa dangi ba. A 2022 wasu masu bincike a birnin Basalona na ƙasar Spain ƙarƙashin Manel Esteller suka ɗauki mutum biyu-biyu har kashi 32 daga cikinsu, suka gwada su da manhajoji uku na tantance fuska. A kashi 16 cikin 32 ɗin, duk manhajojin uku suka yarda kamarsu ta kai ta tagwaye. Da aka gwada ƙwayoyin gadonsu daga yawu, sai aka ga kashi 9 cikin 16 ɗin sun yi tarayya a sassa masu yawa na ƙwayoyin halitta, duk da ba 'yan'uwa ba ne. Wato kamar tana da tushe a jiki, amma mutanen duniya sun yi yawa har zubin fuska yana iya maimaita kansa a gidajen da ba su san juna ba.

Musulmi ma sun san batun ta fuska biyu. A Bukhari da Muslim akwai labarin Mujazziz al-Mudliji, gwanin gane dangantaka ta siffa, wanda ya ga ƙafafun Zaidu da ɗansa Usama sun leƙo daga mayafi, kawunansu a rufe, ya ce waɗannan ƙafafu wasu daga wasu suke, Annabi (SAW) ya yi farin ciki da hakan. Akwai kuma mutumin da ya zo yana shakkar ɗansa don launinsa ya bambanta, aka tambaye shi ko a cikin jajayen raƙumansa akwai mai ruwan toka, ya ce akwai, wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Aka ce masa to ɗanka ma haka. Rashin kama bai kore nasaba ba.

An taɓa samun irin wannan a gaske?

An samu, kuma ya fi na littafi ɗaci. A 1980 wani saurayi ɗan shekara 19 ya isa wata kwaleji a jihar New York ranarsa ta farko, sai ɗalibai suka yi ta rungumarsa suna kiran sa da sunan wani. Ashe ɗan'uwansa ne ya yi karatu a wurin shekarar da ta gabata. Jarida ta buga hotonsu, wani na uku ya gani ya ga fuskarsa sau biyu. 'Yan uku ne da aka haifa a 1961, wata hukumar ba da riƙon yara ta raba su gida uku, na mai kuɗi da na matsakaici da na mai ƙaramin ƙarfi, ba ta gaya wa ko ɗaya daga cikin iyayen riƙon cewa yaron yana da 'yan'uwa ba. Daga baya aka gano ana bibiyarsu ne a wani binciken ɓoye, wanda aka kulle takardunsa a Jami'ar Yale har zuwa 2065. Sun yi suna, sun zaga gidajen talabijin, sun buɗe gidan abinci tare. A 1995 ɗaya daga cikinsu ya kashe kansa. Fim ɗin Three Identical Strangers na 2018 shi ya sake fito da labarin.

Na ƙasar Jojiya da BBC ta ba da rahotonsa a 2024 ya fi kusa da salon da muke magana a kai. Wata yarinya 'yar shekara 12 tana kallon gasar nuna basira a talabijin ta ga mai fuskarta tana rawa. Mutane suka yi ta kiran uwarta suna tambayar dalilin da 'yarta take rawa da wani suna. Uwar ta ce kowa yana da mai kama da shi, magana ta mutu. Sai a 2021 wani bidiyon TikTok ya haɗa su. Tagwaye ne da aka haifa a 2002, aka ce wa mahaifiyarsu sun mutu, aka sayar da su ga gidaje biyu.

Ya labaran suke nuna shahara?

Kusan duk bakinsu ɗaya: keji ne na zinariya. Tauraruwar ba ta da ƙawa, ba ta cin abin da take so, uwarta ce manajarta. Akwai gaskiya a ciki, sai dai akwai wayo, domin littafin yakan kwashe kashi biyu cikin uku yana kwaɗaita wa mai karatu jirgin sama da ɗakin otel kafin ya ce masa kada ya so su.

Wanda ya fi ban sha'awa shi ne matsayin mai kamar. Ana ihu a kanta amma ba don ita ba, ranar da ta buɗe baki da muryarta kuwa cinikin ya ƙare. A Oktoban 2024 aka yi gasar masu kama da ɗan wasa Timothée Chalamet a wani dandali a birnin New York, kyautar dala 50 kacal. Jama'a suka yi dafifi, can sai ga shi da kansa ya kutso cikin taron, nan take kyamarori suka juya wa masu gasar baya.

Marubuci zai iya amfani da sunan tauraro na gaske?

A dandalin Wattpad, inda kowa yake iya ɗora labarin da ya rubuta a intanet, matasa suna yi kullum. Amma idan za a buga a sayar, sai a sauya. Labarin After na Anna Todd ya fara a can a 2013 da sunan mawaƙi Harry Styles, da aka zo buga shi a 2014 jarumin ya koma Hardin Scott. Fuska ma tana da kariya: a 1984 wata kotu a New York ta hana kamfanin Christian Dior yin talla da wata mata mai kama da Jacqueline Onassis.

Ina ne waɗannan labarai suka fi yin tuntuɓe?

Wajen iyayen da suka yi renon. Marubuci mai gaggawa yakan mayar da su maƙaryata ko abin tausayi, ya sa yarinyar ta ruga wurin dangi masu kuɗi kamar shekara goma sha shida na kai ta asibiti da biyan kuɗin makaranta ba komai ba ne. Mai karatu Bahaushe zai fi saurin ganin wannan gurbi, domin riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da yawa sun tashi a hannun gwaggo ko yayar uwa, suna ce mata Inna, uwar da ta haife su kuma suna kiran ta Yaya ko Anti. Bambancin shi ne a yawancin gidaje ba a sauya wa yaro uba, kuma aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Inda aka ɓoye, to magana takan fito ne a wurin rabon gado, ko ranar da dangin ango suka zo binciken asali, ko a bakin wata kishiya da rai ya ɓaci.

Saboda haka idan kana son gane littafin da aka yi da hankali, bar babin filin waƙa, nemi babin da yarinyar ta dawo gida da takardar gwajin jini a jaka. Duba ko marubucin ya bar matar da ta rene ta ta faɗi nata dalilin, ko kuwa ya ba ta layi biyu na kuka ya wuce.