Matsin Injin Dizal: Me Ya Sa Alƙaluman Intanet Ke Karo da Juna?

Mene ne ma'anar 18:1 ko 22:1 da ake rubutawa a bayanin inji?

Kwatanci ne na fili biyu a cikin silinda: filin da ke akwai idan fistin ya sauka can ƙasa, da ɗan wanda ya rage idan ya haura ƙarshe. A ce fistin yana share fili mai cc 500, sannan cc 25 ya saura a samansa. Sai a haɗa 500 da 25, a raba da 25, ya ba da 21. Wato 21:1 ke nan, kuma wannan adadin ne ake kira matsin inji.

Injin dizal ba shi da falogin da ke ba da tartsatsi. Iskar yake matsewa har zafinta ya wuce digiri 500 a ma'aunin Celsius, sai nozul ta fesa mai, ya kama da kansa. Shi ya sa nasa matsin ya fi na injin fetur.

Na karanta cewa duk injin dizal matsinsa ya haura 20:1. Gaskiya ne?

A kan tsofaffin injina da yawa, gaskiya ne. Amma maganar ta tsufa, masu kwafe-kwafe ne kawai ba su sani ba. Tsohon tsari yakan fesa man ne a wani ɗan ɗaki da ke gefen silinda, inda zafi ke zurarewa cikin ƙarfe, don haka dole a ƙara matsi kafin inji ya tashi da sanyin safiya. Injin 1HZ na Land Cruiser irin wannan ne, matsinsa ya ɗan haura 22:1. Ɗan'uwansa 1HD-T kuwa, mai silinda shida da lita 4.2 kamar shi, 18.6:1 ne, domin kai tsaye yake fesa mai cikin silinda, ga kuma tobo da ke tura masa iskar da an riga an matse.

Daga nan abin ya ci gaba da sauka, musamman da dokokin hayaƙi na Turai da Japan suka tsananta, tunda zafin ƙuna mai yawa yana haifar da iskar guba da ake kira NOx. Injin 1GD na Hilux, wanda ya fito a 2015, 15.6:1 ne. A 2012 Mazda ta fitar da injin dizal mai 14:1, kuma a daidai lokacin injinta na fetur ma 14:1 ne a wasu kasuwanni. Ka ga ke nan dokar "dizal ashirin, fetur goma" ta rushe.

To, me ya sa inji ɗaya nake ganin an ba shi alƙaluma biyu?

Sau da yawa duka biyun daidai ne, shekara ko kasuwa ce ta bambanta. Injin 1KD na Toyota, misali, an yi shi da 17.9:1, daga baya aka sauke shi zuwa 15:1, sunan bai canza ba. Mai rubutu ya ɗauki ɗaya ya manna ba tare da faɗin shekara ba, wasu goma su kwafa daga wurinsa, har kuskuren ya yi kama da ittifaƙi. Wannan ya fi shafar mu masu sayen motoci da injina 'yan kwatano, domin injin da ke cikin motar ba lallai ne shi ne wanda ta fito da shi daga kamfani ba.

Bakanike ya gwada injina ya ce 400. Ina haɗin wannan da 18:1?

A nan ne aka fi yin ɓarna. Abin da agogon gwaji ya nuna ƙarfin matsi ne, a psi ko bar, wato ma'aunan ƙarfin iska. Shi kuwa 18:1 lissafin fili ne da aka ƙera injin da shi. Za ka ga an rubuta wai ka ninka 18 sau 14.7, wato ƙarfin iskar waje a psi, ka samu abin da agogon ya kamata ya nuna. Wannan zai ba ka kusan 265, alhali lafiyayyen injin dizal yakan wuce haka nesa, saboda iska tana ɗaukar zafi yayin da ake matse ta, zafin kuma yana ƙara mata ƙarfi. Wanda ya bi wancan lissafi zai iya cewa lafiya lau ne injin da ringin fistinsa ya gama cinyewa. Ƙarfin batir ma, da zafin inji lokacin gwajin, suna canza abin da agogon zai nuna.

Ko matsin da aka ƙera inji da shi yana iya canzawa?

E, idan an taɓa ƙarfe. Goge fuskar kan silinda, ko sa gasket mai kaurin da ba nasa ba, yana canza ɗan filin nan na sama. Tsofaffin injinan dizal na Volkswagen ma gasket ɗinsu kauri uku ne, ana gane su da alamar huda ko tsaga ɗaya, biyu ko uku, gwargwadon yadda fistin ya leƙo.

Ina zan samu adadin da zan dogara da shi?

Ka fara karanta lambar da aka buga a jikin injin kansa, ka san shekararsa, sannan ka nemi littafin gyara na kamfanin. A ciki za ka tarar da matsin ƙira, da mafi ƙarancin abin da agogo ya kamata ya nuna, da iyakar bambancin da aka yarda da shi tsakanin silinda da silinda.